Ƙwaya Biyu Masu Kama Ɗaya: Tarihin Gwajin Magani a Adjame da Treichville

Duk wanda ya taɓa raka mai cutar ƙanjamau asibiti, ko a Maraɗi ne ko a Jos, ya san wata farar ƙwaya da akan ba majiyyaci ya riƙa sha guda ɗaya kowace rana. Mutanen Nijeriya sun fi saninta da Septrin, mu na ƙasashen renon Faransa muna ce da ita Bactrim, likitoci kuwa suna kiranta kotirimoksazol. Ba ta da tsada, ba ta kuma da wani kwarjini. Amma kaɗan ne daga cikin masu shanta suka san inda aka tabbatar da amfaninta ga mutanen Afirka. A nan Abijan ne, a ƙasar Kwaddibuwa, a jikin talakawan unguwanninmu, tsakanin 1995 da 1998. Ina so in ba da labarin yadda abin ya gudana, gama na ga wani yanki nasa da idona sa'ad da nake yaro, sauran kuwa na bi na tattara daga baya.

Ga wanda bai san garin ba, Adjame tana arewa da Plateau, unguwar ofisoshi. Nan ne babbar kasuwa da tashar mota, nan kuma baƙo yakan fara sauka in ya taso daga Yamai ko Birnin Ƙonni. Treichville tana kudu, hayin tafkin Ebriye, kusa da tashar jirgin ruwa, sai an haye gada. Hausawa sun daɗe a unguwannin nan biyu: masu goro, da mahauta, da masu gadi, da masu sayar da aceke da soyayyen kifi, abincin da har mutanen gari suka laƙaba masa suna garba. A Treichville ne asibitin koyarwa na jami'a yake, wanda kowa ke ce wa CHU, da sashensa na cututtuka masu yaɗuwa. Kowace unguwa cikin biyun tana da babbar cibiyar maganin tarin fuka.

A 1985 aka fara gane masu ƙanjamau a Kwaddibuwa. Da fari mutane ba su ɗauki abin da gaske ba. Samarin gari har ba'a suke yi, wai sida cuta ce da aka ƙaga domin a hana masoya sakewa. Namu mutane kuwa ba sa kama sunanta, sai su ce ciwon zamani, ko kuwa su ce wane ya rame, an sa shi a mota ya koma gida. A 1988 ma'aikatar lafiya ta ƙasar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka kafa wani shirin bincike mai suna RETRO-CI, wani likita Kevin De Cock ne ya fara shugabantarsa. Ɗaya daga cikin ayyukansu na fari ba shi da daɗin ji. Suka shiga manyan ɗakunan ajiye gawa guda biyu na Abijan, a 1988 da 1989, suka auna jinin gawa 698 ta manyan mutane. Suka tarar kashi 41 cikin 100 na maza da kashi 32 cikin 100 na mata suna ɗauke da ƙwayar cutar. Da aka buga sakamakon a 1990, sai ya tabbata cewa ƙanjamau ta riga ta zama abu na farko da ke kashe maza a birnin, ga mata kuma ta biyu, bayan mutuwar da ta shafi ciki da haihuwa.

Bayan wannan wani masanin binciken gawa daga Ingila, Sebastian Lucas, ya zo ya duba abin da ke ƙarasa masu cutar. Ita ƙanjamau karya garkuwar jiki take yi, sa'an nan wata cuta ta samu ƙofa ta shigo. Lucas ya tarar a Abijan tarin fuka ne kan gaba, sai ƙwayoyin cuta masu shiga jini, sai wata cuta mai kama ƙwaƙwalwa da ake kira toksoplasmosis. Wani ciwon huhu kuwa da ke yawan kashe masu ƙanjamau a Turai da Amurka, a nan ba shi da yawa.

Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙarshe, gama daga gare ta gardamar ta taso. A Turai ana ba masu ƙanjamau Bactrim ne musamman domin a tsare su daga wannan ciwon huhu. To, in ciwon ba shi da yawa a Afirka, mene ne amfanin ba mutum ƙwayar kullum? Waɗansu likitoci suka ce ɓarnar kuɗi ce kawai, ga shi kuma an daɗe ana sayar da ita barkatai a kasuwa, ƙwayoyin cuta da yawa sun saba da ita. Waɗansu suka ce a'a, tana iya tare zazzaɓin cizon sauro da gudawa da cututtukan jini. Ba wanda ke da hujja a hannu. Ga kuma talauci. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada. A 1996 aka ba da labari a taron Vancouver cewa an samu haɗin magani uku da ke danne ƙwayar ƙanjamau kanta, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Mai tura amalanke a Adjame, wannan labari bai shafe shi ba. Abin da ya rage masa shi ne ko akwai wani abu mai araha da zai ƙara masa kwana.

A tsakiyar shekarun 1990 ɗin ne aka kafa shiri na biyu, PAC-CI, da haɗin gwiwar Kwaddibuwa da Faransa. Hukumar binciken sida ta Faransa, ANRS, ita ke ba da kuɗi. Malaman Jami'ar Bordeaux da malaman koyar da likitanci na Abijan su ke aikin, mazauninsu da ɗakin awon jininsu kuwa suna cikin harabar CHU ta Treichville. Daga ɓangaren 'yan ƙasa Farfesa Thérèse N'Dri-Yoman ce ta jagorance shi, ita ce ta zama ministar lafiya a 2011. Shirye-shiryen nan biyu, na Amurkawa da na jami'o'i, kowanne ya ɗauki tambayar Bactrim ya sa ta a gwaji.

Ga yadda ake irin wannan gwaji. Akan yi ƙwaya iri biyu masu kama ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya magani ce, ɗaya kuwa wofi ce, ba kome a cikinta. Duk wanda ya yarda ya shiga, ƙuri'a ce za ta faɗi wadda zai sha. Shi bai sani ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, lamba kawai ke jikin kwalbar. Dalili kuwa, in aka bar wa likita zaɓi, zuciyarsa za ta karkata, ya ba wanda yake tausayi magani, a ƙarshe a rasa gane ko maganin ne ya yi aiki ko kuwa zaɓin. Akwai wani kwamiti dabam da ke riƙe da asirin lambobin, yana leƙa lissafi lokaci lokaci. In ya ga wani ɓangare yana cutuwa a fili, sai ya tsai da gwajin.

A rubuce abin yana da sauƙi. A baki, da Hausa, gaban wanda ya girme ka, wani abu ne dabam. A 1997 ina ɗan shekara 16, ban daɗe da zuwa daga gida ba, ina taya kawuna sayar da garba a Adjame. Tari ya kama shi ya ƙi sakinsa. Shi ba ya jin Faransanci sai na ciniki, ni kuwa na yi firamare a makarantar mishan, saboda haka ni ne tafinta. A wani asibiti aka tabbatar masa da tarin fuka, aka nemi izininsa aka ɗebi jini. Ranar da muka koma, ma'aikaciyar ta rufe ƙofa, ta dube ni, ta dube shi, ta tambaya ko ya yarda yaron nan ya ji. Ya ce in ba ni ba wa zai faɗa masa? Ta faɗi kalmar. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ta ce ciwon zamani ne." Bai ce kome ba, sai ya gyara hularsa.

Bayan 'yan makonni suka kawo maganar gwaji, da takarda mai shafi da yawa. Na yi ta fama, gama ba ni da kalmar da zan fassara rabin abin da ke ciki. Da na kai wurin ƙuri'a, sai ya tsai da ni.

"Tsaya, ɗana. Wato shi likitan ma bai san abin da zai ba ni ba?"

"I, Kawu, haka ta ce."

"To, wane irin likita ne wannan?"

Na juya mata tambayar, ta yi murmushi, ta ce gaskiyarsa, amma da sun san amsar da ba su roƙe shi ba. Ya sake tambaya ko za a hana shi maganin tari in ya ƙi. Ta ce ko kaɗan. Ya tambaya in ya kwanta ciwo fa? Ta ce za a duba shi kyauta, ko wace ƙwaya ce ta faɗo masa. A nan ne ya miƙa babban yatsansa aka shafa masa tawada. A hanya, cikin gbaka, ya ce mini shi ba ƙwayarsu ce ta dame shi ba, ganin likita ba da kuɗi ba shi ne ribarsa. Na daɗe ina juya wannan magana. Ba a tilasta shi ba, ba a kuma ɓoye masa kome ba, ni ne shaida. Amma yardar mai jin yunwa da yardar ƙosasshe ba nauyinsu ɗaya ba.

Ga abin da gwaje-gwajen biyu suka nuna. Na PAC-CI, wanda Dokta Xavier Anglaret da abokan aikinsa suka gudanar a ƙananan asibitocin unguwa, ya fara a Afrilun 1996 da mutum 545 waɗanda cutar ba ta riga ta kwantar da su ba. A Maris 1998 aka tsai da shi, domin masu shan maganin gaske sun fi samun sauƙi a fili: ciwo mai tsanani da ke kai mutum gadon asibiti ya ragu da kashi 43 cikin 100. Na RETRO-CI, ƙarƙashin Dokta Stefan Wiktor, an yi shi a cibiyoyin tarin fuka huɗu na birnin, har da na Adjame da na Treichville, daga Oktoban 1995 zuwa Afrilun 1998, da mutum 771 masu tarin fuka da ƙanjamau tare. Cikin masu shan Bactrim mutum 51 suka rasu. Cikin masu shan ƙwayar wofi, 86.

Likitoci sukan ce mutuwa ta ragu da kashi 46 cikin 100, gaskiya ne kuwa. Ni dai da na fara ganin lissafin, ɗebewa na yi: 86 a cire 51, saura 35. Mutum 35 ke nan, masu mata da 'ya'ya, waɗansu da iyaye a ƙauye suna jiran aike. Ba wanda ya kashe su, cuta ce ta kashe su, kuma kafin gwajin ba mai ba su ƙwayar ko da ba su shiga ba. Duk da haka da rasuwarsu aka auna amfanin maganin. Aikina na katikis ya sa na tsaya bakin kabari sau da yawa a Williamsville, ban kuwa iya karanta irin wannan lissafi kamar lissafin buhunan shinkafa ba.

An buga sakamakon biyun tare a mujallar likitoci ta Lancet a Mayun 1999. A Maris 2000, a wani taro a Harare, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNAIDS suka ba da shawara a riƙa ba masu ƙanjamau na Afirka wannan ƙwaya. A 2004 wani gwaji a Zambiya ya nuna tana ceton yara ma.

Akwai wani gwaji na waɗannan shekaru da ya fi wannan tada ƙura, shi ne na mata masu ciki. Tun 1994 aka sani a Amurka da Faransa cewa maganin AZT yana rage wucewar cutar daga uwa zuwa jariri da wajen kashi biyu cikin uku. Amma tsarin yana da tsawo, ana farawa tun tsakiyar ciki, da ƙarin ruwa a jijiya lokacin naƙuda, ba a kuma ba da nono, kuɗinsa kuwa ɗaruruwan daloli ne. Sai aka ce bari a gwada gajeren tsari na makonnin ƙarshe, ga matan da za su shayar. RETRO-CI ya gwada a kan mata 280 a Koumassi. Malaman Bordeaux, ƙarƙashin François Dabis, suka yi nasu mai suna DITRAME a Abijan da Bobo-Dioulasso. A duka biyun rabin matan ƙwayar wofi aka ba su.

A Satumban 1997 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Peter Lurie da Sidney Wolfe, suka rubuta suka mai zafi a kan irin waɗannan gwaje-gwaje. Hujjarsu ita ce, tun da an riga an san maganin da ke aiki, ba daidai ba ne a ba mace mai ciki wofi, abin da ba za a yarda a yi a Amurka ba. Editar mujallar da ta buga sukar, Marcia Angell, har ta kwatanta abin da Tuskegee, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata masu tunjere ba magani domin a ga yadda ciwon zai ci su. Masu gwajin, da likitocin Afirka da dama, suka amsa cewa matan Koumassi ba su da AZT ko dogo ko gajere, kuma tambayar da ke gabansu ita ce ko gajeren ya fi babu. A Fabrairun 1998 labari ya zo daga Tailan cewa gajeren tsari ya rage yaɗuwar da rabi. Nan da nan aka daina ba da wofi a Abijan. Da aka yi lissafi, ragin ya kai kashi 37 cikin 100 a gwajin Koumassi, 38 a na DITRAME.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Amsar masu gwajin daidai ce, amma amsa ce da ke tsaye a kan abin kunya, wato an fara yarda cewa matanmu ba za su samu abin da matan Turai ke samu ba, sa'an nan aka gina tambaya a kai. Masu sukar kuwa, ban ji sun faɗi abin da za a ba matar da za ta haihu a wannan watan ba.

'Yan'uwa na Nijeriya za su tuna da wani abu na wannan lokaci. A 1996, sa'ad da sanƙarau ya ɓarke a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji na yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Na kawo shi ne domin a ga bambanci. Aikin Kano na 'yan makonni ne, aka tattara aka tafi. Na Abijan kuwa masu shi sun zauna shekara da shekaru a asibiti ɗaya, tare da likitocin ƙasa da ɗalibansu, inda wanda ya sa hannu zai iya komowa ya same su.

Zaman nan nasu ya ba da 'ya'ya. A Disamban 1997 aka yi babban taron sida na Afirka a Abijan, inda shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kira a kafa asusu domin maganin ya iso ƙasashe matalauta. A 1998 Kwaddibuwa ta shiga cikin ƙasashe huɗu da UNAIDS ta fara gwada shigo da haɗin maganin nan uku a farashi mai rangwame, ko da yake rangwamen ma ya fi ƙarfin yawancin mutane. Sai a 2008 gwamnati ta mai da shi kyauta. A tsakani PAC-CI ya gwada wata dabara ta rage kuɗi, wato a riƙa hutar da mutum daga shan magani in jininsa ya yi kyau. Gwajin, mai suna Trivacan, ya nuna a 2006 cewa waɗanda ake hutarwa bisa ga awon jini sun fi kwanciya ciwo fiye da ninki biyu. Aka bar dabarar.

Mafi girma a cikinsu shi ne Temprano, wanda aka fara a Maris 2008 a asibitoci tara na Abijan, da mutum 2,056, ƙarƙashin Anglaret da Farfesa Serge Eholié na sashen cututtuka masu yaɗuwa na Treichville, tare da Christine Danel da Raoul Moh. A lokacin ba a fara ba mutum magani sai ƙwayoyin garkuwar jikinsa, waɗanda ake kira CD4, sun faɗi ƙasa ƙwarai. Ka je da ƙafarka, a ce maka kana da cutar, amma ka koma gida tukuna, ba ka yi laushi ba. Tambaya ta fari ita ce, in aka fara nan take fa? Ta biyu, in aka ƙara da wata shida na isoniyazid domin tare tarin fuka, abin da hukumomin ƙasar ba su yarda da shi ba a lokacin, don tsoron kada tarin ya saba da maganin? A wannan karo ba ƙwayar wofi. Ƙuri'a ta raba mutane gida huɗu, kowa ya san abin da yake sha.

Ana cikin wannan aiki rikicin zaɓe ya faɗo, daga ƙarshen 2010 har zuwa 11 ga Afrilu 2011, mutum wajen 3,000 suka hallaka. Wanda ya zauna Adjame a waɗannan makonni ba ya bukatar a tuna masa: kasuwa a rufe, bankuna a rufe, shingaye a kan hanya, baƙo kuwa sunansa kaɗai ya isa ya jawo masa mutuwa. Gwajin bai rushe ba, ya ci gaba har farkon 2015. Sakamakon ya nuna fara magani da wuri ya rage ciwo mai tsanani da mutuwa da kashi 44 cikin 100, isoniyazid kuma da kashi 35. A Satumban 2015, bisa ga wannan da wani babban gwaji na ƙasashe da yawa mai suna START, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a fara ba shi magani, kada a jira. Yau wanda aka auna a Galmi ko a Wusasa aka ce masa ya fara magani ba jinkiri, da sa hannun mutanen Abijan a cikin wannan umarni.

Kawuna bai ga wannan zamani ba. Tarin ya warke cikin watanninsa, ya koma bakin tukunyar kifinsa. Da aka rufe gwajin suka kira shi, suka ba shi maganin gaske a fili, ya riƙa karɓa kowane wata. Bai taɓa tambayarsu wace ƙwaya ce ƙuri'a ta ba shi da fari ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya a madadinsa. A 2001 jiki ya sake yin nauyi. Aka faɗa masa kuɗin haɗin maganin nan uku na wata ɗaya, ya lissafa da yatsunsa, ya ce in je tasha in yanko masa tikitin gida. Na raka shi har mota, da jakarsa da sauran Bactrim ɗinsa na wata biyu ƙulle a leda. Ya rasu a ƙauye da kaka, shekara 7 kafin maganin ya zama kyauta.